Zawo da amai a ƙasar waje: me matafiyi zai fara yi?

"Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi, ina zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin da Dubai sarin kaya. A tafiyata ta baya na ci shinkafa da kaza a wani gidan abinci da azahar, kafin magariba amai ya kama ni, da dare zawo ya biyo. Na sha Flagyl da kafso mai ja da rawaya da na tafi da su, amma sai da na kwana uku a ɗaki, ko kasuwa ban leƙa ba. Yanzu zan sake tafiya, in na dawo kuma zan kai mahaifiyata Umra, tana da ciwon sukari da hawan jini. Wane magani zan riƙe, kuma yaushe ya kamata mutum ya daina jinyar kansa ya nemi asibiti?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara lafiya, ya kai ku ya dawo da ku lafiya. Tambayarka ta ƙunshi abu uku: me ya same ka a waccan tafiya, me za ka sa a jaka a wannan karon, da kuma iyakar da jinyar ɗaki take tsayawa, musamman ga Hajiya. Tun farko in faɗa maka abin da na ɗauka: ƙwayoyin da ka sha ba su ne maganin ciwon da ya kama ka ba, kuma abin da ya kwantar da kai kwana uku mai yiwuwa ruwan jikinka ne da ya zube ba a mayar da shi ba.

Mutanenmu sukan ce cikin Bamaraɗe ya saba da komai, wanda ya tashi da ruwan rijiya da furar kasuwa me zai kayar da shi a Dubai? Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma sabon na gida ne. Hanji yana gane ƙwayoyin cutar da ya daɗe yana haɗuwa da su, in ya je wata ƙasa sai ya tarar da danginsu waɗanda bai taɓa gani ba. Wadda ta fi yawan jawo zawon matafiya a duniya wani nau'i ne na ƙwayar E. coli, sai Salmonela, Shigela da Kamfilobakta, wadda ta fi yawa a ƙasashen kudu maso gabashin Asiya. Ga kuma cin abincin waje sau uku a yini, ga gajiya, ga rashin barci.

Agogo ne shaidar farko

Idan maras lafiya ya zo mana da amai da zawo, kafin mu tambayi launin bayan gida muna tambayar lokaci: ƙarfe nawa ka ci, ƙarfe nawa ya fara? Amsar tana raba ciwon gida biyu.

Idan amai ya taso tsakanin awa 1 zuwa 6 bayan cin abinci, mai ƙarfi, ba zazzaɓi, to galibi guba ce da ƙwayar cuta ta riga ta zuba a cikin abincin tun kafin ya iso bakinka. Biyu ne suka yi suna a nan. Stafilokokus tana fitowa daga hannu ko hancin mai girki, ta faɗa cikin kaza, madara, ƙwai ko salatin da aka sa wa mayonez. Basilus kuwa ta shinkafa ce: irinta yana jure tafasa, in aka sauke tukunya aka bar ta a ɗumi na awoyi sai ya farka ya yi yawa ya saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe wannan gubar. Shinkafa da kaza da azahar, amai kafin magariba, labarinka ya zauna daidai a wannan gidan. Irin wannan ciwo yakan wuce da kansa cikin kwana ɗaya, kuma antibiyotik ba shi da abin da zai kashe, domin ba ƙwayar ce ke wahalar da kai ba, dafin da ta bari ne. Flagyl kuma shi kansa yana tayar da zuciya, yana sa ɗacin ƙarfe a baki, mutum ya ƙi ci ya ƙi sha. Ka ga an ƙara wa Barno dawaki.

Gida na biyu shi ne wanda ƙwayar take shiga hanji da ranta, ta ɗauki lokaci kafin ta nuna kanta. Miyar nama da ta kwana ba a firigo ba takan kawo murɗa da zawo bayan awa 6 zuwa 24. Norobairos, mai bin jama'a a otal da masaukin alhazai, awa 12 zuwa 48. Salmonela daga awa 6 har kwana 6. Kamfilobakta kwana 2 zuwa 5. Wannan lissafi yana da amfani ga ɗan Maraɗi ta wata fuska: kafin ka hau jirgi a Yamai ka riga ka yi tafiyar kilomita sama da 600, ka tsaya Ƙonni, ka tsaya Dogon Dutsi, ka tsaya Dosso, ka ci tsire da albasa ɗanya, ka kora da fura. Ciwon da ya tashi maka kwana biyu bayan ka sauka a Gwanzu, ana ɗora wa abincin Sinawa laifi, alhali sau da yawa daga bakin hanyar gida aka ɗauko shi. Saboda haka takatsantsan yana farawa ne tun daga tashar Maraɗi.

Ruwa kafin ƙwaya

Ko wane gida ciwon ya faɗa, aikin farko ɗaya ne. Babban mutum mai zawo sau takwas ko goma a yini yana iya zubar da lita biyu ko fiye, tare da gishirin jiki. Kasala, jiri idan an miƙe, ɗaurewar jijiyoyin ƙafa, bugun zuciya da sauri, duk daga nan suke. Maganinsu garin nan ne na leda da muke ba yara, wanda a farmasin Nijar ake ce wa SRO, a Dubai da Saudiyya kuma ORS. Manya suna raina shi don suna ganin na jarirai ne. A jakar matafiyi shi ne ya fi kowane magani daraja, kuma ka sayi leda goma zuwa goma sha biyu tun daga gida, domin neman farmasi a garin da ba ka jin yarensu, kana kuma zagayawa kowane minti ashirin, ba ƙaramin aiki ba ne.

Leda ɗaya ta lita ɗaya ce, amma ka duba jikinta, domin a ƙasashen waje akwai ƙanana na mililita 200. Ka auna ruwan, kada ka ƙiyasta: gora biyu masu rabin lita, ko babbar gora mai lita ɗaya da rabi ka rage kashi ɗaya cikin uku. Kuskuren da muka fi gani shi ne a zuba leda guda a kofi ɗaya wai don ya yi ƙarfi. Gishiri ya yi yawa kenan, ga tsoho ko yaro yana da haɗari. Abin da aka haɗa ba ya wuce awa 24, ragowar a zubar.

In babu leda, ka haɗa naka: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari a shafe ba a tule ba, da rabin cokalin shayi na gishiri. Ka ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Sukarin ba don daɗi ba ne, shi ne ke jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa ya bi su. Shi ya sa ruwa zalla ba ya wadatarwa idan zawon ya yi yawa. Lemon kwalba kuma sukarinsa ya wuce kima, gishiri babu, yana iya ƙara sakin cikin.

Yadda ake sha ma yana da ƙa'ida. Bayan kowane zagaye ka sha babban kofi ɗaya zuwa biyu, kamar mililita 200 zuwa 400. In akwai amai, kada ka ɗaga kofi ka shanye, ciki zai mayar. Ka jira minti 10 bayan aman, sannan kurɓi ɗaya kowane minti biyu ko uku. Ko ana amai, wani kaso yana zama. In jiki ya riga ya bushe, baki ya ƙafe, fitsari ya yi ja ya ragu, lissafin da muke bi shi ne mililita 75 ga kowane kilo cikin awa 4, wato mai kilo 60 yana buƙatar wajen lita huɗu da rabi, a hankali. Ma'auninka shi ne fitsari: idan ya dawo yana fita kowane awa uku ko huɗu, launinsa ya washe, ka kama hanya.

Kada ka ƙaurace wa abinci. Da zarar amai ya lafa, koko, farar shinkafa mai zafi, burodi, ayaba, romo maras mai. Madara da nono a ɗan jinkirta, haka yaji da soye-soye. Tsamiya tana sakin ciki, wannan ba ranar kununta ba ce. Masu cewa a sha filasko ko wani jiƙo a wanke cikin don dattin ya fita, cikin ya riga yana wanke kansa fiye da yadda ake so. Azumin nafila kuma a ajiye shi, shari'a ta yi rangwame ga maras lafiya da matafiyi ko a na farilla.

Ƙwayoyin da suka cancanci shiga jaka

Na farko loferamid, wanda aka fi sani da Imodium. Ba ya warkar da komai, yana rage gudun hanji ne kawai, amma ga wanda zai zauna awoyi a jirgi ko motar Makka zuwa Madina, rahama ne. Ƙwaya biyu masu miligiram 2 a karon farko, sannan ɗaya bayan kowane zagaye, kada ka wuce huɗu a yini in ba likita ya ce ba, kuma kada ka wuce kwana biyu. Sharaɗinsa mai tsauri ne: in akwai jini ko majina a bayan gida, ko zazzaɓi, ba a shan sa shi kaɗai, domin rufe ƙofa ne da ɓarawo a ɗaki. Ba a ba ƙananan yara. Smecta da mutanenmu suka saba da shi yana ɗan daskarar da bayan gida, ba ya mayar da ruwa, kuma yana riƙe wasu magunguna a hanji, don haka a sa awa biyu tsakaninsa da su. Tun 2019 hukumar magunguna ta Faransa ta ce kada a ba yaran da ba su kai shekara biyu ba.

Na biyu antibiyotik, kuma a nan ne ake yawan ɓarna. Zawon da ba ya hana ka fita harkarka ba ya buƙatar sa, yawanci yana wucewa cikin kwana 3 zuwa 5. Ana ɗauko shi ne idan zawon ya kwantar da kai, ko ya zo da zazzaɓi, ko da jini, wato atuni. Wanda na fi zaɓa wa mai zuwa Asiya shi ne azitromisin, a kwali za ka ga Azithromycine: miligiram 500 sau ɗaya a yini kwana uku, ko 1000 lokaci guda, sai dai shan 1000 ɗin yakan tayar da zuciya. Sifro, wato Ciprofloxacine, da ake yawan sha a nan ya rage kaifi, Kamfilobakta ta Asiya ta daɗe da daina jin sa, ga shi yana iya raunana jijiyar agara ga wanda ya haura 60, yana kuma hargitsa sukarin mai ciwon sukari. Kafso mai ja da rawaya tetrasikilin ne, yawancin ƙwayoyin zawo sun gama raina shi, kuma wanda ya sha rana a tiren mai talla ba ka ma san abin da ya rage a cikinsa ba. Flagyl maganin amiba ne da jardiya, wasu ƙananan halittu masu zama a hanji, waɗanda ba su ne ke kama mutum dare ɗaya ba. Azitromisin ɗin ma ka sa likitanka ya rubuta maka bayan ya ji ko kana da ciwon zuciya, domin yana iya taɓa bugunta ga wasu, ka saya a farmasi, ka bar shi a kwalinsa tare da takardar saboda jami'an filin jirgi.

Na uku farasitamol don zafin jiki da ciwon kai. Ibufurofen da dikilofenak a bar su a gida. Ƙodar da ruwa bai ishe ta ba, in aka ɗora mata waɗannan, tana iya tsayawa. Ka ƙara da ma'aunin zafin jiki, sabulu, da kayan gwajin masassara na gaggawa in ka iya amfani da shi.

Batun Hajiya

Nata lissafin daban ne, kuma shi ya fi damuna. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri, sukan kuma ƙi sha don gudun yawan zuwa bayi da sake alwala a cunkoson Harami. Kai ne za ka riƙe kofin. Kada sukarin da ke cikin SRO ya tsorata ka, giram 13.5 ne a lita guda, a ba ta, a riƙa auna sukarinta kowane awa huɗu.

Magungunanta na kullum ne ke iya juyawa su zama matsala. Metfomin na ciwon sukari, idan ana amai da zawo jiki ya bushe, ana dakatar da shi har ta koma ci da sha. Ƙwayar sa fitsari irin furosemid, da na hawan jini irin kaftofiril, enalafiril ko losatan, su ma akan dakatar da su na ɗan lokaci don kare ƙoda. Gilibenkilamid, shi ma na ciwon sukari, yana iya faɗar da sukari ƙasa warwas ga wadda ba ta ci abinci ba, alamarsa gumi, rawar jiki da ruɗewa. Insulin kuwa ba a yanke shi gaba ɗaya ko ba ta ci, gyara adadi ake yi. Ban ga takardunta ba, ban san aikin ƙodarta ba, don haka wannan ba hukuncin da zan yanke daga nesa ba ne. Ku je wurin likitan da ke duba ta kafin tafiya, ya rubuta a takarda ɗaya: in zawo ya zo, wannan a tsayar, wannan a ci gaba. A rubuta sunayen magungunan da harafin boko yadda likitan Saudiyya zai karanta.

Inda jinyar ɗaki ta ƙare

Kai mai ƙarfi a jika kana iya ba kanka kwana biyu zuwa uku muddin kana sha kana fitsari. Amma ka tashi ka nemi asibiti ba jira idan jini ya bayyana a bayan gida ko a amai, ko zafin jiki ya kai 38.5, ko amai ya hana ko kurɓi zama na awoyi, ko awa 8 ta wuce ba fitsari, ko ciwon ya tattara wuri ɗaya ya ƙi motsi, musamman ƙasan ciki ta dama, domin wannan yana iya zama aikin tiyata. Idan zawon ya koma fari kamar ruwan wankin shinkafa yana zuba ba ƙaƙƙautawa, kwalara ake tunani, wadda mutanen jiharmu suka gani da idonsu a annobar 2018 da ta fara daga yankin Madarumfa. Tana iya ƙarar da babban mutum cikin awoyi, ana shan SRO ne a kan hanyar zuwa asibiti. Ga Hajiya ba a jiran kwana biyu: zawon da ya wuce yini ɗaya, ko barci mai nauyi, ko magana ba kan gado, a kai ta a yi mata ƙarin ruwa. Lambar motar asibiti a Sin 120 ce, a Dubai 998, a Saudiyya 997. Bizar Umra tana haɗe da inshorar lafiya ta gaggawa, ka riƙe fasfo da takardar biza a kusa.

Abu ɗaya da likitan can zai iya mantawa: kun fito daga ƙasar masassara. Cizon sauron Maraɗi yana iya bayyana mako ɗaya ko biyu bayan tafiya, da zazzaɓi da amai har da zawo. Duk zazzaɓin da ya kama ɗayanku, ka faɗa da bakinka cewa daga Nijar kuke, a yi gwajin maleriya.

Rigakafi kuwa ba ya wuce 'yan abubuwa. Ka ci abin da aka sauke a gabanka yana tururi. Abincin da ya yi awa biyu a waje ba a firigo ba, ko awa ɗaya a zafin Makka, ya fita daga lissafi, kuma ragowar shinkafar sadaka da ake ajiyewa a ɗaki don kalacin safe ita ce ta fi kwantar da alhazanmu. Tambarin halal a gidajen abincin unguwar Shiyawbei ta Gwanzu ko Dera ta Dubai yana magana ne a kan yanka, bai ce komai a kan tsabtar madafa ba. A Sin ba a shan ruwan famfo sai an tafasa, butar lantarkin otal ta isa, ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Gora a duba hatimin murfi, ƙanƙara a bar ta, 'ya'yan itace ka ɓare da kanka. Kayan teku na Gwanzu da ba su dahu sosai ba a kauce musu, haka ɗanyen nonon raƙumi da ake tallata wa masu ziyara. Bayan tsarki a sa sabulu, ruwan buta kaɗai bai isa ba, man goge hannu mai barasa kuma ba ya kashe norobairos yadda ya kamata. Guzurin gida busasshe, ƙuli-ƙuli, garin rogo, dabino, yana rufa asiri ranar da ba ka yarda da abincin gari ba, amma kilishi da dambun nama ƙasashe da yawa ba sa bari a shiga da su.

Idan kun dawo Maraɗi cikin bai daidaita ba har mako biyu, ga kumburi, ga gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga rama, to yanzu ne ake zargin jardiya ko amiba, kuma yanzu ne Flagyl zai iya samun aiki, bayan gwaji. Wani lokaci kuma ba ƙwaya ba ce, hanjin ne bai gama farfaɗowa ba ya kasa narkar da madara, sai a bar nono da madara mako biyu a gani. Zazzaɓin da ya ƙi sauka mako ɗaya zuwa uku bayan dawowa yana iya zama taifot, kuma gwajin Widal shi kaɗai bai isa a ɗora hukunci a kansa ba. In an ce ka kawo bayan gida, ka karɓi robar ɗakin gwaji mai murfi, kada fitsari ko ruwan buta ya taɓa shi, ka kai cikin awa ɗaya, domin amiba mai motsi tana mutuwa in ya huce. Gwaji ɗaya da bai nuna komai ba bai wanke ka ba, akan maimaita har sau uku a ranaku daban-daban.